Ƙarin da ke Cikin Yayarsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai shagon magani a bakin titi. Ya taɓa yin aiki a asibiti shekara huɗu, yana tura keken marasa lafiya, yana wanke kayan aiki. Da ya bar can sai ya ɗinka farar riga. Unguwa ta fara kiransa Likita, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba.

Yana da yaya mai ɗinki, wadda ta goye shi yana ƙarami. Wata rana ta ji wani ƙullutu mai tauri a ƙasan cibiyarta. Ciki yana girma, alhali abinci ba ya shiga. Mijinta ya kai ta asibiti aka ɗauki hoton cikin. Likitar ta ce ƙari ne, amma bai yaɗu ba tukuna. A yi gwajin jini, a sa ranar tiyata, a cire shi.

Tsoron wuƙa ya kama baiwar Allah. Ta kwashi takardun ta nufi shagon ƙaninta.

"Auta, duba mini. Wai dole sai an yanka ni?"

Ya ɗaga hoton sama yana kallo. Wallahi bai gane komai ba, baƙi da fari kawai yake gani. Amma ga mutum biyu a kan benci suna jiran magani, sun zuba masa ido.

"Haba Yaya, ina raye za a yanka ki? Iska ce ta taru. Sati biyu zan narkar da shi."

Sati biyu suka zama wata bakwai. Allura da safe, ƙwaya da yamma, ƙarin ruwa a bayan kantar shagon. In zafi ya lafa, ya ce magani yana aiki. Mijin ya ce a koma asibiti, ƙanin ya ce masa, "Ni da kai, wa ya san aikin nan?" Ƙafafunta suka kumbura, ta daina taka keken ɗinki.

Ya sani fa, jama'a. Kullum in ya danna cikin, yana jin abin ya ƙara girma a ƙarƙashin hannunsa. To me ya hana shi magana? Kada a ce Likita ya kasa. Shi ke nan.

Ranar da amai ya ƙi tsayawa aka mayar da ita asibiti. Aka buɗe cikin, aka tarar ƙarin ya kama hanji da hanta. Haka aka ɗinke, ba a cire komai ba.

Ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti kafin ta cika. Da ƙanin ya zo duba ta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Auta, ashe ba ka sani ba, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ai da ka faɗa mini. Ni ba zan yi maka dariya ba."

Bayan rasuwarta hukuma ta rufe shagon. Wannan ma ƙaramin abu ne. Mahaifiyarsu tana nan da rai, in ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango. 'Ya'yan marigayiyar uku suna wuce shi a hanya kamar ba su san shi ba. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, ba mai tambayarsa ko maganin ciwon kai.

Ya 'yan uwa, na faɗi wannan magana har na gaji da faɗa. Ajali na Allah ne, babu shakka. Amma rai amana ne, kuma za a tambayi wanda aka miƙa wa. Wane girma ne ya kai ran 'yar uwarka? In aka zo maka da abin da ya fi ƙarfin saninka, ka ce, "Ban sani ba, je ka wajen masu sani." Kai kuma da ka ji ƙullutu a jikinka, kada ka nemi wanda zai faɗa maka abin da kake son ji.

Allah ya jiƙan ta. Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke cin ran wani. Amin.