Muryar Kulu a Ranar Kai Amarya

Ku matso, tsofaffin ɗalibaina, akwai shari'ar da za ku yanke mini, kuma ba na son amsar hayaniya.

Kafin matata Kulu ta rasu, ta naɗi nasiha da muryarta domin 'yarmu Rahanatu, ta ce a saka mata ranar aurenta. Na adana a kwamfutata. Ranar kai amarya na kunna, sai kwamfuta ta ƙi tashi. Mata sun cika gida, motoci suna ƙofa, amarya ta ce ba inda za ta sai ta ji uwarta.

Mai gyaran kwamfuta na unguwarmu ya ce a goge komai. Lantana, wadda na koyar a aji huɗu, ta riƙe hannunsa. Ta karanta rubutun da ke fuskar kwamfutar, ta ce, "Malam, muryar tana nan. Akwai ɗan zaure a ciki da kwamfutar take bi ta tashi. Duk sabuntawa sai ta ajiye a zauren sabuwar zuciyar manhaja, kanel, ba ta zubar da tsofaffin. Zauren ya cika, ta ƙarshen ta shigo rabi."

Mamuda, wanda kullum yake makara a ajina, ya san hanyar da ake zaɓar tsohuwar kanel. A cikin tarkacen da suka jawo matsalar ya zaɓi ɗaya, kwamfuta ta tashi. Amma ba sauti, sai an ƙarasa sabuntawar da ta tsaya rabi.

Zubairu, shi ma ɗalibina ne, ya zauna ya share tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya bar wadda kwamfutar take tsaye a kanta, ya ƙarasa sabuntawar. Sai muka ji Kulu ta ce, "Rahane, 'yata." Amarya ta saurara har ƙarshe, ta share hawaye, ta shiga mota. Allah ya yi wa ukun nan albarka.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne Zubairu kaɗai sanƙiran bikin ya yi wa kirari, don shi aka gani yana danna abin. Shekaru na yi ina duba jarrabawa, ban taɓa ba wa yaro makin ɗan'uwansa ba. Dole a gyara wannan. Ga babbar rigar da na sa ranar ɗaurin auren, guda ce, kuma ba zan yaga ta ba.

To, wadda ta hana a goge, da wanda ya tashe ta, da wanda ya maido da muryar, wa zan miƙa wa?