Ranar da Malam Ɗalhatu Ya Daka wa Kyaftin Tsawa

Akwai wani malami, Malam Ɗalhatu, da ke koyar da gyaran injin jirgin ruwa a wata makarantar koyon sana'a a Yawuri. Mutum ne mai kunya, irin wanda ko kai ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Makarantarsu na da matsala guda. Ɗalibai na gamawa da hannu mai kyau, amma ba a ɗaukarsu aiki a manyan jirage, don ba su da takardar horon kiyaye haɗari. Takardar kuwa sai malamin da ya ci jarrabawar koyar da ita ke iya sa mata hannu, kuma babu irinsa ko ɗaya a makarantar.

Da aka samu shirin musayar malamai, sai aka tura mutum biyu Dubai na sati uku: Ɗalhatu da shugaban sashensu, Injiniya Salmanu. Ɗalibai arba'in da ɗaya na gida suna jira.

Aka sauke su a wani flat a Al Qusais tare da wani malami ɗan Nijar, Rabiou. Kullum da safe bas ke kwasarsu zuwa cibiyar horo a Jebel Ali, kuma kullum a cikin bas Injiniya ke buɗe lacca.

"You see, Ɗalhatu, nan ba Yawuri ba ce. Mu baƙi ne. Idan manya na magana, you see, kai dai naka rubutu."

"Voilà, Injiniya ya faɗa," in ji Rabiou, yana leƙen taga don kar dariya ta ƙwace masa.

Mai horar da su Kyaftin Ibrahim ne, wani dattijo ɗan Sudan da ya yi shekara talatin da biyar a teku. Gemunsa fari tas. Ɗalhatu ko idonsa ba ya iya kallo.

Ranar jarrabawa aka hau da su wani tsohon jirgi da ake koyarwa a kansa. Aiki shi ne shiga tankin da ke can ƙasan jirgin. Dokar a fili take: rufaffen tanki kan rasa iskar numfashi, mutum ya faɗi ba ko ihu. Don haka ba a shiga sai an zura na'urar auna iska an ga abin da ta nuna.

Kyaftin ya zo yana sauri, yana waya. Ya ajiye na'urar a kan wata ganga, ko kunna ta bai yi ba.

"Yalla, habibi, yalla! Rana na yi. Ni zan fara sauka, ku biyo ni."

Ɗalhatu ya lura ba a auna iska ba. Ya dubi na'urar, ya dubi Injiniya. Injiniya ma ya gani, amma sai ya zare masa ido, wato kul.

Ɗalhatu ya ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, Kyaftin, ba wai don na fi ka sani ba, sai dai ko da za a ce..."

Kafin ya gama shimfiɗa, ƙafar dattijon ta riga ta hau tsani. Kafaɗunsa suka fara nutsewa cikin tankin.

Idan Ɗalhatu ya yi rashin kunya, takarda na iya kuɓucewa. Idan ya yi shiru fa?

"STOP!"

Shi kansa bai san yana da wannan murya ba. Ya damƙi igiyar tsaro da ke ɗaure a bayan Kyaftin da hannu biyu. "Ba a auna iska ba! Fito! Ka fito, na ce!"

Injiniya ya dafe kai. "Innalillahi! Ka kashe mu, yaron nan. Sorry, Captain, you see, daga ƙauye yake..."

Kyaftin ya fito a hankali, ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce tun da safe aka auna tankin, lafiyarsa ƙalau. Wannan ita ce jarrabawar. Duk rukunin da ya zo haka yake musu, kuma da yawa sai sun bar shi ya kai ƙasa.

Ya juya ga Injiniya. "Kai ka ga ban auna ba?"

"Na gani mana, Captain. Sosai na gani. Girmamawa ce kawai."

"Mashallah," in ji Kyaftin. "Da kun fito da gawata cikin girmamawa."

Rabiou ya kasa riƙe dariya, har hularsa ta faɗi.

A nan kan gangar Kyaftin ya sa wa Ɗalhatu hannu a takarda. Sauran biyun ya ce su sake zuwa wani satin. Sannan ya dafa kafaɗar Ɗalhatu.

"Idan ka koma, kar ka fara da inji. Fara koya wa yaranka su daka maka tsawa. Khalas, shi ke nan."

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. "Kyaftin, ka yafe min ɗaga muryar."

"Ban yafe ba," in ji dattijon. "Ka ƙara."

Darasi: Girmama babba tarbiyya ce mai kyau, amma shirun da zai bar shi ya halaka ba ladabi ba ne. Idan ka ga haɗari, faɗa da ƙarfi, ko wa ke gabanka. Ku tura wa malamai da masu sana'ar da kuka sani, wataƙila wani na can yana haɗiye maganar da za ta ceci rai.