Sheƙa Biyu a Gaban Sarki

An ce wani sarki ne Allah ya jarrabe shi da son wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya, har ya sa aka kamo duk irinsa da ke ƙasar, aka sake su a lambunsa. Wata rana ya ga ɗaya ya maƙale a yanar gizo-gizo, sai ya umarci Nomau, mai kula da lambun, kada ya bar ko zare ɗaya a bishiya. Shekara bakwai Nomau na shara, tsuntsaye na raguwa, har na ƙarshe ya faɗo matacce. Daga nan ba a ƙara jin muryar irinsa ba.

Sarki ya fusata, ya ce sakacin Nomau ne, a sare kansa. Ana shirin fita da shi, sai wani tsohon masaƙi, Malam Hambali, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ya sarki, tsakanin tsuntsunka da gizo-gizo, wa ya fi daraja?"

Sarki ya ce, "Haba, tsoho! Wancan in ya rera, fada tsit take yi. Wannan kuwa, ban da ƙazanta me ya iya?"

Tsoho ya ciro sheƙa biyu daga aljihu. "Wannan ta dā ce, daga bishiyar gidana. Ja ta."

Sarki ya ja, ta miƙe, ba ta tsinke ba.

"Wannan kuma daga lambunka."

Yana taɓa ta, ta wargaje a tafinsa.

"Ni masaƙi ne, ranka ya daɗe, zare nake kallo. Da yanar gizo-gizo tsuntsun nan ke ɗinke sheƙarsa. Da aka share yana, sai iska ta yi ta zubar da ƙwai. Ka san mawaƙin, ba ka san maɗinkinsa ba."

Sarki ya tambaya, "Wa ya sa aka share yanar?" Fadawa, masu baki kamar ganga, yau kowa ƙasa yake kallo.

Sarki ya ce, "Ni ne. Garin neman gira na rasa ido." Hawaye suka zubo masa. Ya sauko, ya kwance Nomau da hannunsa, ya nemi gafararsa. Nomau ya yi ta hamdala.

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa tsoho. "Na gode, Malam. Tsuntsu ba zai dawo ba, amma ka raba ni da jinin bawan Allah. A bar gizo-gizo ya yi saƙarsa."

Tun daga ranar yakan ce wa alƙalansa, "Mai adalci umarninsa yake fara tuhuma, kafin hannun da ya cika shi."