Hannun da Ya Ƙi Turawa

An yi wani mutum a ƙasar Faskari, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna raye. Shi ne na farko a ƙauyensu da ya koyi tuƙin jirgin sama. Aka ba shi ɗan ƙaramin jirgin feshi mai kujera biyu, yana kashe tsuntsayen jan-baki da ke cinye dawa, daga Ƙanƙara har Sabuwa.

Aiki ne mai kyau, ya 'yan uwa, manoma suna yi masa addu'a. Amma ya tsiri wata ɗabi'a. Duk ranar kasuwar 'Yankara, in ya gama feshi, sai ya biyo ta kan kasuwar ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga hancin jirgin ya cilla sama, mutane suna tafi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Goggo, tana sayar da daddawa a bakin kasuwar. Takan ɗaga faifai ta kaɗa masa, ana cewa, "Ga ɗan Goggo can."

Wannan kalma ta shiga zuciyarsa ta zauna.

Tun yana koyo malaminsa ya nanata masa abu guda. Idan hancin jirgi ya ɗagu da yawa, gudu ya ragu, iska takan daina ɗaukar fukafukai. Jirgin zai yi karkarwa, ƙararrawa ta yi kuka. Maganin shi ne ka tura sitiyari gaba, hanci ya sunkuya, ka ƙara wuta, ka yarda ka ɗan yi ƙasa har gudu ya dawo. Zuciya za ta ce ka ja sama. Kada ka saurare ta.

Ya san wannan sarai. Ya ci jarrabawa a kansa.

Wata ranar kasuwa, a ƙarshen damina, ya wuni yana feshi tun hantsi, ba abinci sai goro, idanunsa sun yi ja. A bayansa akwai Mamuda, mai ɗura magani a tankin jirgin, magidanci ne, ya roƙi a rage masa hanya zuwa Ƙanƙara don matarsa Saudatu ta haihu. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin.

Mamuda ya ce, "Yallaɓai, hadarin nan ba na wasa ba ne. Mu miƙe gida."

Ya yi dariya. "Kasuwa ta cika, Mamuda. So kake a ce ɗan Goggo ya gudu don yayyafi? Riƙe hularka kawai."

Ya sauko kan kasuwar, mutane suna ta naɗe rumfuna. Ya hango faifan Goggo. Ya ja sitiyari kamar yadda ya saba. Nan iskar gaban hadarin ta buge su, ruwa ya rufe gilashi, ba ya ganin sama, ba ya ganin ƙasa. Jirgin ya fara karkarwa. Ƙararrawa ta yi kuka.

Yana da sauran tazara tsakaninsa da ƙasa, ya 'yan uwa. Waɗanda suka bincika daga baya sun ce da ya tura, da ya fita. Amma mutum ne gajiyayye, tsoro ya kama shi, kuma ya daɗe yana koya wa hannunsa cewa a gaban jama'a sama ake yi. Sai ya ƙara ja.

Fiffike ɗaya ya sunkuya. Jirgin ya juya ya faɗa cikin wata gonar dawa a bayan kasuwa.

Mamuda bai kai gida ba. Sunansa aka raɗa wa jaririn.

Shi kuwa matuƙin ya rayu, ƙafafunsa ne suka mutu. Na sha zuwa gaishe shi a zauren Goggo, wadda ta tsufa tana ɗaga shi tana kwantarwa. Bai taɓa ɗora laifin a kan hadari ba. Abin da yakan ce mini shi ne, "Malam, na san abin yi. Kaina yana cewa tura, hannuna ya ƙi."

To, wa ya koya wa hannun ƙi? Hadarin ne? Hadari ya zo ne ya tarar da abin da aka riga aka shuka.

Ya 'yan uwa, na gaji da zuwa ta'aziyyar da son a gani ya jawo. Ranar firgici mutum ba ya aikata abin da ya karanta, abin da ya saba yake aikatawa. Wanda bai saba ja da baya ba a ranar lafiya, bai saba cewa "na gaji" ko "na fasa" ba, ba zai iya ba ranar da rai ya dogara a kai. Kuma sau da yawa akwai wani zaune a bayanka, wanda hanya kawai ya roƙa.

Ku koya wa kanku sunkuyawa tun sama tana garau.

Allah ya ji ƙan Mamuda, ya yafe wa wanda ya tuƙa shi. Allah ya raba zukatanmu da riya, ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke bayanmu. Amin.