Sarkin Magina da Tsattsewar Zaure

An ce a wani gari mai ganuwa an yi wani Sarkin Magina, Tanimu, wanda in ya ɗora hannu a ɗanyen yaɓe sai ka rantse bango zai yi magana. Ya yi wa 'yarsa Lantana alkawarin shi zai zana fuskar ɗakin aurenta da hannunsa. To, shi zane a ɗanyen yaɓe ake yin sa, in ya bushe sai dai a kankare a sake. Saura kwana uku a kai amarya, har sau biyu yaɓe yana bushewa, don gogan naka ya samu sabuwar waya.

Kai, me bai gani ba a cikinta! Mutum-mutumin ƙarfe yana soya ƙwai. Wata mata tana zana fuskar uwarta da ganyen shayi. Wani mawaƙi ya rina gashi shuɗi, duniya ta ɗauka. Ga labarin ambaliya a ƙasar da ko sunanta bai iya faɗa ba. Kowane zane ya gani sai ya ce, "Wannan zan yi wa Lantana," ya adana, ya wuce gaba.

Ran nan da hantsi, an gama yaɓe na uku, yana kishingiɗe a zaure, waya a hannu, ido rabi a rufe, sai tsattsewar da ke gini a jikin azara ta liƙa ƙasar bakinta, ta ce, "Ranka ya daɗe, abokin sana'a, ina jiye maka abin da ya sami Tabawa a Kogin Kallo."

Ya ce, "Me ya same ta?"

Tsattsewa ta ce, "Ranar sunan jikanta Tabawa ta ɗora tukunya, ta ɗauki tulu ta tafi ɗibar ruwa. Sai ta tarar duk abin da ke duniya yana wucewa a kan kogin a hankali: birni na gilashi, raƙumi mai fukafukai, amare suna rawa bisa ganyen bado. Ta ajiye tulu, ta ce, 'Bari wannan ya wuce tukuna.' Ya wuce, wani ya taho. Can wata tsohuwar tarwaɗa ta leƙo ta ce, 'Baiwar Allah, kin tuna mini da Nomau mai iri.' Tabawa ta ce, 'Wane ne shi?'

"Tarwaɗa ta ce, 'Manomi ne. Duk fataken da suka sauka garinsu sai ya roƙi irin ƙasarsu, ya zuba a gora ya toshe, har goruna suka cika rumbu. Da damina ta sauka maƙwabta suka shuka geronsu na gado, shi kuwa ya zauna zaɓe, wai kila gobe a kawo wanda ya fi. Da kaka ya buɗe goruna, sai gari da ƙwari. Irin da ba a binne ba, rabon ƙwaro ne.'

"Ka san abin da Tabawa ta ce? Wai, 'Kai, labarin nan da daɗi, ƙara mini wani!' Wa'azin ma kallo ta mai da shi. Sai da rana ta yi ja ta koma gida, ta tarar tukunya ta ƙone, baƙi sun watse da yunwa. Kogi ba ya ƙarewa, Sarki. Yaɓe ne ke bushewa."

Tanimu ya buɗe baki zai ce ta ƙara masa wani, sai ya kama kansa. Kunya ta rufe shi.

Ana haka Lantana ta shigo da ƙwaryar fura, ta durƙusa. Ta dubi wayar, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, in babu hali a bar bangon haka. Wallahi ba komai."

Da zaginsa aka yi a kasuwa da ya fi masa sauƙi. Ya leƙa waje, ya ga gefen yaɓen ya fara fari, tsakiya ce kawai da sauran danshi.

Ya ce, "Tsattsewa, na ji, kuma na karɓa." Ya kife wayar a tabarma, ya tuɓe babbar riga, ya ce, "Lantana, taso ki tsaya inda zan riƙa ganinki. Abin da ya rage ɗanye ba yawa, amma naki ne."