Mai Fiton da Aka Tumɓuke wa Turke

Ranar Litinin, uku ga watan Maris, da ƙarfe goma na safe, kwamitin tashar motar garinmu ya sa kwaɗo a shagon Filibus Maigari, mai facin taya, don ba ya buɗewa ran Lahadi. Ba su tsaya nan ba. Sun sa an faɗa ta lasifikar tasha, har sau uku, cewa mutum ne mai watsar da matafiya. Ni na koyar da Filibus a aji huɗu. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli kafin in huta, ban kuwa taɓa hukunta ɗalibi ban ji ta bakinsa ba. Saboda haka darasinmu na yau Lahadi, a nan majami'a, misali ne. Ku kasa kunne, manya da yara.

A wani gari na bakin kogi akwai wani mutum, mai fito ne. Gonakin mutanen garin da babbar kasuwarsu duk suna ƙetaren ruwa. Mashigin kuwa ba mallakar mutum ɗaya ba ne, na gari ne, sarki ne yake ba da izini a kafa turke a ɗaure jirgi. Turke biyu ne a wurin, ɗaya na mutumin nan, ɗaya na maƙwabcinsa.

Mutumin nan kwana shida yake aiki. Ran Asabar da yamma sai ya jawo jirginsa kan tudu ya kife, ya ɗauki gorar da yake tuƙi da ita, ya kai ya jingine a ƙofar gidan maƙwabcin. Da maƙwabcin ya ga gora, ya san gobe duk mai ƙetarewa nasa ne. Shi kuma maƙwabcin ran Jumma'a yakan tafi babban masallaci a wani gari, tafiyar rabin yini. Don haka ran Alhamis da yamma shi ma sai ya kawo tasa gorar ƙofar mutumin. Ba takarda tsakaninsu, ba shaida. Wani lokaci maƙwabcin yakan ce, "Ɗan'uwa, gorar nan taka ta kusa girme ni. Ka sake wata mana." Mutumin ya ce, "Bar ta. Ita kaɗai ta san hanyar gidanka." Haka suka yi shekara ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa wuni a bakin ruwa don rashin jirgi.

Ana nan sai sarki ya naɗa sabon wakili a kan mashigi. Wakilin ya zo zagaye ran Lahadi. Ya ga jirgi a kife, ya ga turke ba igiya. Jirgin maƙwabcin yana can tsakiyar ruwa cike da mutane, amma bai ɗaga kai ya duba ba. Ya koma gida ransa a ɓace.

Kashegari ya sa aka kira mutumin. Ya ce masa, "Ƙasar nan ta gari ce. Matafiyi ba shi da ranar hutu. Ko ka yi fito kwana bakwai, ko ka ba da wuri."

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, shida nawa ne, na kuwa ba da su duka. Ta bakwai ta Ubangiji ce, ba ni da ikon ba da ita. Amma ka ji yadda muke yi da maƙwabcina."

Wakilin ya ce, "Ba surutu na zo ji ba."

Maƙwabcin ya matso zai yi magana, aka ce masa ba a tambaye shi ba. Nan take dogarai suka tumɓuke turken, suka jefar. Ranar kasuwa kuma mai shela ya zaga da ganga yana cewa mai fiton nan rago ne, yana barin bayin Allah a bakin ruwa yana kwance a ɗaki. Mutanen garin sun san ba haka ba ne, gama shi ya ƙetare da amarensu, shi ya ƙetare da gawawwakinsu. Amma kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cinikinsa.

Ran Alhamis da yamma maƙwabcin ya tsaya a ƙofar mutumin da gora a hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, in ajiye, ko in koma da ita?"

Mutumin ya ce, "Ajiye. Turke suka cire, ba alkawari ba."

Da gari ya waye, jama'a suka taru a mashigi, mata da kaya a ka, manoma da fartanya. Wakilin ma yana cikinsu, an aike shi ƙetare da saƙon sarki na gaggawa. Jirgin maƙwabcin yana kife, mai shi ya tafi masallaci. Wakilin ya kai ya kawo, rana tana ɗagawa, ba jirgi. Can sai ga mutumin ya ɓullo daga ƙasan mashigi, ta wajen taɓo, inda ya koma ajiye jirginsa. Da yake ba shi da abin ɗaurewa, sai ya sauka cikin ruwa har ƙugu, ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu, mutane suna shiga. Wakilin ne ya shiga ƙarshe.

Da suka kai tsakiyar kogi, wakilin ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Baba, ashe haka kuke yi, kai da maƙwabcinka?"

"Shekara ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

Sai wakilin ya ce, "To, ka je ka mai da turkenka. Ran Lahadi ka kife jirginka, ni zan kau da kai. Amma maganar ta tsaya tsakaninmu."

Mutumin ya ci gaba da tuƙi. Sai da suka kusa gaci ya amsa. Ya ce, "In kai ka kau da kai, wanda zai gaje ka ba zai kau ba. Turke kuma itace ne, ko yau na sari wani. Amma sunana da ganga aka ɓata shi a kasuwa, ranka ya daɗe. Ba a tsakiyar ruwa za a gyara shi da raɗa ba."

Ya sauke su lafiya, ya juya ya ɗauko na baya. Bai mai da turken ba. Kwana shida yana tsayawa cikin ruwa yana riƙe wa mutane jirgi, ran Asabar ya kai gorarsa, ran Lahadi ya tafi sujada, yana jiran ranar da ganga za ta sake zagawa.

Yanzu ku ji ma'anar misalin. Kogin nan hanyar mota ce. Mashigin tasharmu ce. Mai fiton Filibus ne, maƙwabcinsa kuwa Malam Hashimu, wanda shagonsa yake jikin nasa. Duk direban da yake shiga tashar nan ya san ran Lahadi Malam Hashimu ne yake karɓar aikin duka biyun, ran Jumma'a kuma daga sha biyu zuwa la'asar, lokacin da motocin kasuwa suka fi yawa, Filibus ne.

Ban ce hukuma ba ta da iko da ƙasarta ba. Tana da shi. Na karanta dokar tashar sau uku, da jan biro a hannuna. Abin da take nema shi ne kada matafiyi ya rasa mai taimakonsa ko wace rana ce, wannan kuwa daidai ne, ni ma ina shiga mota. To, kwamitin ya faɗa mana mota ɗaya tak da ta wuni a tasha ran Lahadi don rashin mai faci. Ya faɗi ranar, ya faɗi sunan direban. Na tambaye su a rubuce. Ba su amsa ba, domin babu. Ƙofa suka gani a rufe, ba su dubi ta kusa da ita ba.

Yara, ku riƙe wannan. Ranar Ubangiji ba ranar lalaci ba ce. Wanda zai kiyaye ta, sai ya shirya tun Asabar don kada hutunsa ya zama wahalar wani. Shi ya sa mai fito yake kai gora. Wanda ya rufe ƙofarsa bai damu da wanda zai sha wuya ba, bai gane umarnin ba tukuna. Wanda kuma ya yi shiri irin na Filibus, ba mai ikon tilasta masa ya zaɓa tsakanin abincin 'ya'yansa da Mahaliccinsa.

Mutanen garin da suka sunkuyar da kai kuwa, mu ne. Muna tashar ran nan, wasunmu suna sayen lemo. Mun ji da kunnenmu, muka wuce. Ni kaina sai da na yi mako biyu ban ce uffan ba, na kuwa roƙi gafarar Allah da ta Filibus a kan haka. Malam Hashimu ne kaɗai ya je ofis tun ranar farko, aka ce masa ba da shi ake ba.

Ran Laraba da ta wuce sakataren kwamitin ya bi ta gidan Filibus da mabuɗi a aljihu. Ya ce masa ya karɓa, a bar maganar. Filibus ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi har bakin hanya, bai karɓa ba. Yanzu haka a gindin dalbejiyar da ke bayan katangar tasha yake faci, 'yarsa kuma ta daina son zuwa makaranta don ana kiranta 'yar rago. Mabuɗi ba zai share wannan ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa alfarma ba ce. A rubuta a dokar tasha cewa maƙwabta biyu suna iya riƙe wa juna rana, don kada kwamitin gaba ya maimaita. Gobe Litinin kuma, da ƙarfe goma na safe, shugaban kwamitin da kansa ya riƙe lasifikar nan, ya kira sunan Filibus Maigari, ya ce an yi masa ƙazafi, ya nemi gafararsa. Sau uku aka ɓata shi, sau uku za a faɗa. Bayan nan sai a ba shi mabuɗinsa a gaban mutane. Ni zan kasance a bakin shagon tun ƙarfe tara da rabi, Malam Hashimu ya ce zai kawo mana benci. In ba a faɗa gobe ba, Litinin ta sama ma muna nan.