Hayar Ɗakin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Bushiya ta rasa miji, ya bar mata ɗaki babu kowa. Sai Zomo, ɗalibin jami'a, ya zo neman haya, don Kura ta addabi unguwarsu.

Ya ce, "Iya, zan ba ki damin gero."

Ta ce, "Riƙe abinka, yunwa ka ga ina ji?"

"To, ba ni da hayaniya. Ba ma za ki san ina nan ba."

"Kai yaro, shirun ne ya ishe ni. Ga hayata. Ranar da ba ka dawo ba, zan tashi unguwa nemanka. Kai kuma kullum kafin ka tafi aji, ka buga ƙofata. In ban amsa ba, ka ɓalle ta."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.